Dashen Koniya: Kauri Ya Dawo Daidai, Amma Mai Idon Yana Gani Kuwa?

Idan kana bin rahotannin binciken likitocin ido a kan dashen koniya, akwai wata jimla da za ka yi ta cin karo da ita har ta gundure ka. Za a ce an yi wa marasa lafiya kaza tiyata, an bibiye su wata shida ko shekara guda, kaurin koniyarsu ya dawo yadda ya kamata, lanƙwasarta ta daidaita, saboda haka aiki ya yi kyau. Daga nan shafukan asibitoci masu tallan aiki su ɗauke ta, su matse ta ta koma layi ɗaya. Ni dai ina da ja a kan wannan jimla. Alƙaluman yawanci na gaskiya ne, ba na zargin kowa da ƙirƙira. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne an auna su da wuri, sannan an ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Bari mu fara da ita koniyar, don mu tafi tare. Ka dubi idon wani ta gefe, za ka ga wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo ya rufe baƙin idon. Ita ke nan. Faɗinta wajen milimita 12 ne, kaurinta a tsakiya kuwa wajen maikiron 540, wato rabin milimita da 'yan kai. Katin ATM ɗin da ke aljihunka ya fi ta kauri. Amma wannan 'yar aba ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske don ya sauka daidai a bayan ido. Ana auna wannan ƙarfi da dayofta, ma'aunin nan da ake rubutawa a takardar tabarau. Ido gaba ɗaya yana da wajen 60, koniya ita kaɗai ta riƙe wajen 43. Ka ga ke nan ko da tana nan tas babu tabo, in siffarta ta ɗan goce, gani zai lalace.

Hawa-hawa take. Daga waje akwai siririyar fata mai sabunta kanta. A tsakiya akwai tsokar koniya, wadda ake kira sitiroma, ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurin. Can ciki kuma akwai shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta da ake kira endoteliyam, zaune a kan wani siririn tantani mai suna tantanin Descemet. Aikin waɗannan ƙwayoyi aikin famfo ne, dare da rana suna janye ruwa daga koniya suna mayar da shi cikin ido. Babban mutum yana da kimanin 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita, kuma ba sa hayayyafa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan, maƙwabtanta su miƙe su rufe gurbin. In suka ragu zuwa wajen 500, famfo ya gaza, koniya ta sha ruwa, ta kumbura, ta yi hazo. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa: in koniya ta ƙara kauri, yawanci ruwa ta sha.

Dashen farko da ya yi nasara a jikin ɗan Adam Eduard Zirm ne ya yi shi a 1905, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yau, a idon wani mutum da farar ƙasa ta ƙona masa idanu. Kusan shekara ɗari bayan nan hanyar da aka fi bi ɗaya ce: a yanke tsakiyar koniya gaba ɗayan kaurinta, a kawo ta mamaci a ɗinka. Sunanta PK. Daga baya aka koyi canza hawan da ya lalace kawai. A 2002 Mohammed Anwar da Klaus Teichmann, suna aiki a Jidda, suka bayyana dabarar hura kumfar iska don raba tsoka da tantanin ciki, a canza tsokar a bar wa mutum famfonsa. Wannan ta yaɗa aikin da ake kira DALK. Idan kuma famfon ne ya mutu, sai a canza shi ta ciki: DSAEK tana kawo ƙwayoyin tare da ɗan yankin tsoka, DMEK kuwa, wadda Gerrit Melles na Rotterdam ya bayyana a 2006, tantanin ne kaɗai da ƙwayoyinsa.

Matsakaici yana ɓoye ƙwai

Mu ɗauki PK. Likita yana yanke da'ira mai faɗin milimita 8 ko kusa da haka, ya ɗora sabuwa, ya ɗinke da zaren nailan da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, sau da yawa ɗinki 16 kewaye. Ka san yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata, tsirkiya ta ja, fata ta ɗaure, sauti ya canza? To kowane zare a nan tsirkiya ce. Wanda aka ja fiye da kima zai tsananta lanƙwasar koniya ta ɓangarensa, wanda ya yi sako-sako zai bar nasa ɓangaren ya baje. Sakamakon shi ne koniyar da ya kamata ta yi kama da gefen ƙwallo ta koma kamar gefen ƙwai, ta lanƙwashe sosai ta wata fuska, ta wata fuskar kaɗan. Wannan shi ne astigmatizim, kuma bayan PK samun dayofta 4 ko 5 ba abin mamaki ba ne.

Yanzu duba yadda rahoto zai iya ɓoye maka wannan ba tare da ya yi ƙarya ba. Na'ura tana ba da lamba biyu, ta fuskar da ta fi lanƙwasa da ta wadda ta fi bajewa. Mu ƙaddara wani ido ya ba da 49 da 39. In ka haɗa ka raba biyu, 44 ke nan, lambar lafiyayyen ido sak. Sai a rubuta a jadawali cewa matsakaicin lanƙwasa ya dawo daidai. Alhali tsakanin 49 da 39 akwai dayofta 10, kuma mai wannan ido ba zai iya karanta sunan da ke allon wayarsa ba. Tabarau mai irin wannan ƙarfi ma da wuya ya jure shi, musamman in ɗayan idon ba ya buƙatarsa, domin ƙasa za ta riƙa yi masa kamar ta karkace.

Masu bincike nagari suna kawo lambar astigmatizim daban, gaskiya ne. Amma ita ma in an yi mata matsakaici sai ta ɓata wani abu. Astigmatizim yana da girma kuma yana da alƙibla. Idon da yau yake da dayofta 4 a tsaye, bayan an cire zare ya koma dayofta 4 a kwance, jadawali zai ce babu canji, amma tabaran da mutumin ya kashe kuɗi ya yi ya tashi aiki. Sannan akwai nau'in da ya fi damun marasa lafiya, wanda ba ƙwallo ba ƙwai ba: fuskar koniya ta yi tudu da kwari ba tsari, kamar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Wannan babu gilashin tabarau da ke gyara shi, sai madubi mai tauri da ake mannawa a kan ido. Lamba biyu ba sa nuna shi, sai taswirar fuskar koniya gaba ɗaya. Idan rahoto ya ce maka marasa lafiya sun kai gani kaza "da mafi kyawun gyara", ka nemi layin da ya faɗi da me aka gyara. Tabarau da madubin mannawa ba ɗaya ba ne ga mai aiki cikin ƙura, ko wanda garinsu babu mai gwada masa shi.

Kuma duk awon siffa da aka yi zare na ciki, awon wucin gadi ne. Ana barin zaren shekara guda ko fiye, wani lokaci ana cire su ɗaya-ɗaya don daidaita lanƙwasa. Ranar da aka cire na ƙarshe siffa tana iya juyawa ta yadda likitan kansa bai zata ba. Rahoton da ya tsaya a wata shida bayan PK, zaren ya auna, ba koniyar ba.

Shekara guda ba ta isa ba

Ko bayan cire zaren ma magana ba ta ƙare ba. Cutar da aka fi yi wa matasa dashe dominta ita ce keratokonas, inda koniya ke sirancewa tana tsirowa gaba kamar kan mazurari. A nan ne dashe ya fi yin kyau, a nan ne kuma aka fi yaudarar kai da sakamakon farko. Wasu likitoci a cibiyar Barraquer ta Barselona sun bi idanu 80 da aka yi wa PK saboda wannan cuta, suka buga sakamakon a 2003. Astigmatizim ya tsaya wajen dayofta 4 har kusan shekara bakwai bayan cire zare. Wanda ya rufe littafinsa a nan zai rantse cewa abu ya zauna. Daga nan ya fara hawa, a shekara 20 ya haura dayofta 7.

Me ya faru? Dashe ya canza tsakiya ne kawai. Gefen koniyar, inda aka ɗinka sabuwar, na mara lafiyan ne, kuma cutar tana nan a cikinsa. Sannu a hankali wannan gefe, galibi ta ƙasa, yana ci gaba da sirancewa, mahaɗar ta saki, dashen ya karkata. A nan ne lambar da aka fi so a rahotanni, wato kaurin tsakiyar koniya, take makancewa gaba ɗaya. Tsakiya tana nan da kaurinta lafiya lau, ɓarnar tana can bakin mahaɗa inda ba a ɗora ma'auni ba. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A dashen koniya ko rabin haka aka jira, da an rage yabo.

Rajistar dashen koniya ta Ostireliya, wadda ke tattara bayanai tun 1985, ita ta fi kowa haƙurin jira. A wani nazari da aka fitar daga cikinta a 2011, dashen PK na farko saboda keratokonas kashi 89 cikin ɗari yana raye a shekara 10, amma a shekara 20 ya sauko kashi 49. Ka tuna mai wannan cuta yawanci matashi ne lokacin da aka yi masa aikin. Lissafa da kanka ka ga shekarunsa nawa lokacin da maganar dashe na biyu za ta iya tasowa.

Shi kansa kaurin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kwanakin farko bayan tiyata dashen a kumbure yake. Cikin watanni sai ya sace, har ya kai mafi siranta. Daga nan kuma ya fara ƙaruwa a hankali. Babban binciken nan na Amurka da ake kira Cornea Donor Study, wanda ya bi mutum 1,090 da aka yi wa PK, ya nuna haka ƙarara: kaurin tsaka-tsaki wajen maikiron 535 a wata shida, ya kai wajen 580 a shekara biyar. A daidai wannan lokaci dashen ya rasa kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin famfonsa. To in wani ya auna a wata shida ya ce kauri ya dawo daidai, ya faɗi gaskiya, amma ya ɗauki hoton abin da ke tafiya ne ya ce maka a tsaye yake.

Kuma famfon yana da haƙuri. Ƙwayoyi suna iya raguwa daga 2,500 zuwa 800 koniya tana nan garau, kaurinta bai wani canza sosai ba, domin waɗanda suka rage suna ɗaukar aikin. Kauri yana yin ƙara ne a makare. Shi ya sa rahoton da ya kawo kauri bai kawo ƙidayar ƙwayoyi ba, rabin labari ya ba ka.

Kar ka ɗauka ina cewa a jefar da ma'aunin kauri. Wancan binciken na Amurka ya gano cewa dashen da kaurinsa ya haura maikiron 600 a shekarar farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa daga baya. Wannan amfani ne na gaske, kuma awon ba shi da tsada in an kwatanta da na'urar ƙidayar ƙwayoyi. Amma ka lura da inda amfanin yake: ido ɗaya, ana auna shi a kai a kai, da na'ura ɗaya, ana duba inda lambar ta dosa. Na ce na'ura ɗaya domin mai auna kauri da sautin da kunne ba ya ji, da kyamara irin Pentacam, da na'urar OCT, ba lallai su ba da lamba ɗaya a ido ɗaya ba, kuma saɓaninsu ya fi yawa a koniyar da ta kumbura ko take da tabo, wato daidai irin wadda muke magana a kai. Har lokacin awo yana da tasiri. Koniya tana ɗan kumbura cikin barci saboda ido a rufe yake, ta sace bayan an farka. A lafiyayyen ido abin kaɗan ne. A idon da famfonsa ya raunana kuwa, awon safe da na la'asar suna iya bambanta sosai, shi ya sa masu irin wannan matsala ke cewa gani ya fi yi musu hazo da sassafe. Rahotanni nawa ne ke faɗin ƙarfe nawa aka auna?

Akwai kuma wata ɓaraka da ba ta fitowa a jadawali. Wanda dashensa ya mutu aka sake masa wani, ya fita daga lissafi. Wanda ya gaji ya daina zuwa asibiti, shi ma ya fita. Matsakaicin shekara ta biyar na waɗanda suka rage ne, kuma su ne waɗanda abin ya fi yi wa kyau. In an fara da idanu ɗari aka ƙare da talatin, ka tambayi ina saba'in.

"Wanda ya fi siranta ya fi kyau"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawo a fannin dashen ciki, kuma ita ta fi cancantar a zauna a kanta, domin akwai gaskiya a ciki. Yankin DSAEK na asali kaurinsa tsakanin maikiron 100 da 200 ne. Daga baya aka koyi yanka shi ƙasa da 100. Na DMEK kuwa maikiron 10 zuwa 15 ne kacal, yana naɗe kansa kamar tabarma, sai likita ya lallaɓa ya warware shi a cikin ido ya tokare shi da kumfar iska ko gas. Mutane suka lura masu DMEK sun fi gani tangaran, sai aka yanke hukunci cewa sirantar ce sirrin.

Amma tun 2012 Mark Terry da abokan aikinsa a Portland suka duba idanu sama da 400 da aka yi wa DSAEK, suka ga alaƙar kaurin yankin da ganin da aka samu mai rauni ce ƙwarai. Sannan aka zo aka yi gwaji na ƙa'ida, inda ƙuri'a ke zaɓa wa kowane ido aikin da za a yi masa. Gwajin DETECT, wanda aka yi a cibiyoyi biyu a Oregon da Stanford aka buga a 2019, ya kwatanta DMEK da siririyar DSAEK a idanu 50 na mutum 38. DMEK ta yi nasara, da ratar kusan layi ɗaya da rabi a allon gwajin gani. Aiki ne mai kyau, kuma na yaba da yadda suka koma suka binciki dalili. Abin da suka gano shi ne bayan koniya, wato fuskarta ta ciki, ya fi santsi da tsari a masu DMEK, kuma wannan ya tafi tare da kyawun gani. Ashe ba adadin maikiron ba ne kai tsaye. Yankin da aka yanko da wuƙa, komai sirantarsa, ba ya zama daidai wa daida ta ko'ina, kuma yana iya yin 'yan tattara idan ya kwanta a bayan koniyar da lanƙwasarta ba irin tasa ba ce. Magana ta sake dawowa kan siffa.

Ga kuma abin da masu talla ba sa ɗauka daga wannan gwaji. A ɓangaren DMEK an fi samun yankin ya ɓalle har sai an koma an sake hura iska. Ƙidayar ƙwayoyin famfo ma ta ɗan fi ƙasa a can, kuma idanu 50 sun yi kaɗan su raba gardama a kan ko wannan bambanci na gaske ne. Shekara guda bayan haka, a 2020, wani gwajin ƙuri'a daga cibiyoyi shida a Holan, mai idanu 54, bai sami bambanci mai ƙarfi a matsakaicin gani ba, ko da yake waɗanda suka kai gani mai kaifi sosai sun fi yawa a DMEK. Ni a karatuna DMEK tana gaba wajen kaifin gani, wannan ba na musu. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, a hannun ƙwararrun da suka daɗe suna aikin, a idanun da aka tace aka cire masu wasu matsaloli. Rajistar Ostireliya, wadda ke ɗaukar aikin kowa da kowa har da masu koyo, ta fitar a 2014 cewa a bayananta na lokacin dashen hawa-hawa bai kai PK daɗewa ba. Ana iya cewa shekarun koyo ne suka ja lambar ƙasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai mara lafiya ba ya zaɓar shekarar da likitansa ya gama koyo.

Batun bayan koniya yana da wani reshe da ya shafi aljihunka kai tsaye. Fuskar gaba tana tara haske da ƙarfin wajen dayofta 49, ta baya tana rage wajen 6, shi ne ake samun 43 ɗin nan. Tsofaffin na'urori gaba kawai suke aunawa, su ƙiyasta baya da wata lamba tsayayya, 1.3375, bisa zaton cewa gaba da baya suna tafiya tare kamar a lafiyayyen ido. Dashen ciki yana rushe wannan zato. Yankin DSAEK ya fi kauri a gefe fiye da tsakiya, saboda haka yana ƙara wa baya lanƙwasa, ido ya karkata wajen buƙatar tabarau mai alamar ƙari da kimanin dayofta 1. A DMEK ma ana ganin haka, amma bai kai nan ba, kuma dalilinsa sacewar kumburin tsakiya ne. Tunda sau da yawa ana haɗa wannan aiki da cire yanar ido a zama ɗaya, likita yana zaɓar ƙarfin madubin roba da zai saka a ciki ne bisa awon koniyar da za ta canza bayan 'yan watanni. Ƙwararru sun san haka, suna barin rata dominsa. Rahoton da ya auna gaba kawai ya ce siffa ba ta canza ba bayan dashen ciki, ya duba ƙofar gida ne alhali gyaran a ɗaka aka yi.

A taƙaice kuma, kauri yana rikita awon hawan jinin ido. Ma'aunin Goldmann da aka fi amfani da shi an tsara shi ne bisa koniya mai matsakaicin kauri da siffa mai tsari, kuma koniyar da ta sha ruwa tana iya ba da lamba ƙasa da ta gaskiya. Ga shi mai dashe yana ɗiga maganin sitiroyid wata da watanni don kada jiki ya ƙi dashen, maganin da ke ɗaga wa wasu matsin ido. Dashe yana iya zama garau jijiyar gani tana mutuwa a baya.

Idanun wa aka auna?

Kusan duk alƙaluman da na kawo maka daga Amurka, Turai da Ostireliya suke, kuma akasarinsu a kan cututtuka irin keratokonas da cutar Fuchs, wadda ke kashe famfon tsofaffi. Waɗannan koniyoyi ne da jijiyoyin jini ba su shiga ba, shi ya sa garkuwar jiki ba ta cika far wa dashen ba. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa, abin da ya fi rufe koniya hakiya ce: tabon da ƙyanda da ƙarancin bitamin A suka bari tun yarinta, ko gyambon da ya biyo bayan tsinken dawa ya soki ido a gona, ko amodari da ya juya gashin ido ciki yana gogar koniya shekara da shekaru, ko abin da aka ɗiga a ido da sunan magani. Irin wannan koniya sau da yawa jijiyoyin jini sun ratsa ta, gefenta wani wuri kauri wani wuri siriri, ga bushewar ido. Dashe a kanta ya fi fuskantar ƙin jiki, ɗinkin ba ya warkewa bai ɗaya, siffar ma ta fi wuyar hasashe. Gardamar DMEK da DSAEK ba ta ma shafi mai hakiya ba, domin su ba sa cire tabon da ke cikin tsoka. Saboda haka in an nuna maka kashi casa'in da wani abu na nasara, tambayar farko ita ce a wace cuta.

Kuma koniyar dashe ba ta wadata ba. Wani bincike da ya tattara bayanan 2012 daga ƙasashen duniya ya ƙirga dashe 184,576 a ƙasashe 116, ya kuma ƙiyasta cewa koniya ɗaya ce ake samu a duk 70 da ake buƙata. Inda abu ya yi ƙaranci haka, tambayar shekara nawa dashe zai yi tana da nauyi fiye da tambayar layi nawa aka karanta a wata na shida, domin na biyu ba lallai ya samu ba.

Da yawa daga cikin masu halin yin wannan aiki a wajenmu tafiya suke yi, Indiya ko Masar ko wani babban birni mai nisa, su dawo bayan 'yan makonni da takardar sallama mai ɗauke da kyawawan lambobi. In kai ne, ko mahaifinka, ko ɗanka, kafin a biya kuɗin jirgi ka san wa zai riƙa duba idon a gida da na'urar haska ido, wa zai cire zare, kuma da me zai san wanda ya kamata ya fara cirewa. Ka karɓi kwafin taswirar koniya da awon kauri da ƙidayar ƙwayoyi, da sunan na'urar da aka yi amfani da ita, don wanda zai auna baɗi ya sami abin kwatantawa. Kada ka yi gaggawar yin tabarau mai tsada zare na ciki. Zaren da ya saki kuma ba ya jiran ranar da aka rubuta maka a kati: yana tara majina da ƙwayoyin cuta, yana jawo jijiyoyin jini zuwa dashen. In idon ya yi ja, ko haske ya fara damunka, ko gani ya ragu, ko ka ji zafi ko kamar tsakuwa a ciki, a ranar ake zuwa asibiti, ko da shekara goma ke nan da yin aikin.